Shirin Damina A Ushafa: Yadda Tsofaffi Ke Mai Da Tsakar Gida Lambu

Idan watan Maris ya kama a ƙasar Bwari, hazo yakan janye, duwatsun da ke kewaye da garin Ushafa su fito sarai, sa'an nan zafi ya maye gurbin sanyi, iska ta tsaya cik har ganyen mangwaro ba ya motsi. Wannan shi ne lokacin da ake kira bazara, watau 'yan makonnin nan da ke tsakanin ƙarshen rani da faɗuwar damina. Ga ma'aikacin da ke zaman haya a garin, wanda ke sammako kullum ya nufi ofis a cikin birnin Abuja, bazara ba ta wuce gumi da rashin barci ba. Ga tsofaffin garin kuwa, maza da mata, babu lokacin da aiki ya fi yi musu yawa a duk shekara kamar wannan, domin abin da ba a gama ba kafin hadarin farko ya taso, to, sai kuma baɗi in Allah ya kai rai.

Ushafa tsohon gari ne na Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, yana cikin ƙaramar hukumar Bwari a Yankin Babban Birnin Tarayya. Matafiyin da ya baro birnin Abuja ya wuce Dutsen Alhaji a kan hanyarsa ta zuwa Bwari, zai ga inda hanyar garin ta ratse. Kusa da shi ne aka datse kogin Usuma, kuma daga wannan madatsa ce ake tace ruwan famfon da mutanen Abuja ke sha. Amma abin da ya fitar da sunan garin a duniya tukunya ce. Ran 27 ga watan Agusta na shekarar 2000 Shugaban Ƙasar Amurka na wancan zamani, Bill Clinton, ya ziyarci garin tare da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa, ya kuma ga aikin mata magina tukwane. Baƙi sun koma ƙasarsu, 'yan jarida sun naɗe kayansu sun tafi, matan da ke da ƙarfinsu a wancan lokaci kuwa, waɗanda Allah ya ja kwanansu, yau su ne tsofaffin garin.

A nan, kamar a sauran garuruwan ƙasar nan, ba al'ada ba ce a ware tsoho a kai shi wani gida na musamman. Tsoho yana zaune cikin 'ya'yansa da jikokinsa, a nan yake ci, a nan yake jinya. In kuwa ana neman wurin da tsofaffin mata ke haɗuwa su yi aiki tare, su taɓa hira, kowace ta san yadda 'yar'uwarta ta kwana, to, sai a nufi wajen ginin tukwane. Akwai cibiyar wannan sana'a a garin, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin shirin nan na kyautata rayuwar matan karkara da Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar cikin 1987. Ba da sunan tsofaffi aka kafa ta ba, amma da yake ginin tukunya sana'a ce da gwaninta ke zuwa da shekaru, sai ya kasance masu furfura su ne malaman wurin.

WUTAR ƘARSHE

Ginin tukunya irin na Gwari ba ya bukatar na'ura. Akan haƙo yumɓu a jiƙa shi, a tsince tsakuwa, a kirɓa shi har ya yi laushi ya haɗe jikinsa, sa'an nan a ɗora curin a bisa wani abu mai ɗan tudu. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan yumɓun sama, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu a baki, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke. Tun yumɓun yana da sauran danshi ake yi masa ado, a zana kadangare ko kifi ko kunama ko tsuntsu da bakin wuƙa, ko kuwa a mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tukunyar ta bar sawu. Idan ya bushe ba ya karɓar zane, shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane.

Wannan irin gini ne ya ɗaukaka marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. An haife ta a Kwali wajen shekarar 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta saboda kyansu. Cikin 1954 ta shiga makarantar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce kuma mace ta farko da ta shiga. Ta je Ingila da Amurka ta nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984. Matan Ushafa daga rijiya ɗaya suka sha da ita, sai dai su ba a buga hotonsu a kuɗi ba.

Abin da ya sa bazara ke tayar musu da hankali shi ne, tukunya da ruwan sama ba sa ga maciji. Ɗanyar tukunya tana bukatar kwanaki tana shan iska a inuwa kafin ta bushe, in kuwa iska ta ɗauki danshi sai ta ƙi bushewa da wuri. Toyi irin na gargajiya a fili ake yin sa, a jera tukwane, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Ciyawar da ta jiƙa ba ta ci, kuma yayyafi kaɗan a kan tukunya mai zafi ya isa ya fasa aikin wata guda. Saboda haka duk wadda ke da tukwane a ƙasa, hankalinta yana kan gabas, tana ƙirga kwanaki. Matasa su ke ɗauko ciyawa da itace, matan Gwari kuwa an san su da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, amma tsohuwa ce ke tsayawa a bakin wuta ta ce an isa, ita ce kuma ke nuna lokacin da za a zaro tukunya da dogon itace a yayyafa mata ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke toshe mata ƙofofi ya ba ta wannan duhun launi mai sheƙi.

Kowace wuta tana da asararta. Komai gwanintar maginiya, sai an sami tukunyar da ta tsage a gindi, ko wadda bakinta ya ɓalle, ko wadda in an ƙwanƙwasa ta da yatsa sai ta yi sauti maras daɗi, alamar tsaga a ɓoye. Irin waɗannan ba sa riƙe ruwa, ba mai saye. Daga nan ne aikin bazara na biyu ke farawa.

GONAR DA TA KOMA CIKIN TUKUNYA

Tsagar da ta hana tukunya zama randa ita ce ke mai da ita wurin shuka mai kyau, domin saiwa ba ta son ruwa ya kwanta mata. Akan zuba 'yan fasassun katanga a gindi, a cika da ƙasar tsohon juji wadda ta ruɓe ta yi baƙi, a gauraya da yashi kaɗan da busasshen kashin awaki. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona tsiro, wannan kowace tsohuwa ta sani ba sai malamin gona ya faɗa mata ba. Sa'an nan a yayyafa iri, a rufe da ƙasa sama-sama, a shimfiɗa 'yar ciyawa don kada ban ruwa ya tone shi. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba a wannan aiki, dalili kuwa shi ne wanda ya sa ruwan randa ke sanyi: jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da shi, zafi yana fita. Roba in ta sha ranar watan Maris sai ta dafa saiwar.

Iri biyu ne ake renonsu a haka. Akwai na dashe, watau tumatir da barkono da attarugu da gauta, waɗanda ke bukatar makonni huɗu zuwa shida kafin su yi ƙwarin da za a mai da su fili. Akwai kuma waɗanda za su zauna a tukunyarsu har ƙarshe, kamar alayyafo da ɗoɗɗoya da na'ana'a, wani lokaci har da kuɓewa in tukunyar babba ce. Zogale da shuwaka kuwa reshe ake yankowa a soka a bayan ɗaki. Ba a tsakiyar rana ake ajiye tukwanen ba. Wurinsu shi ne baranda, ko ƙarƙashin rumfa, ko gefen ɗaki inda hantsi ke taɓawa amma ranar azahar ba ta kaiwa. Ban ruwa safe da yamma ne, kuma da yake ruwa yana da tsada a bazara, ko a garin da ke maƙwabtaka da madatsa, ba a zubar da ruwan wankin shinkafa ko na tsame hatsi a banza. Ruwan sabulu ne kawai ake nisanta shi da tsiro. Manyan abokan gaba su ne kaji da awaki, don haka za a ga an ɗora tukunya bisa kifaffen tsohon turmi, ko an kewaye ta da ƙaya, ko an yafa mata yagaggen gidan sauro.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan wahala, alhali kuwa nan da 'yan makonni ruwa zai sauka ko'ina ya yi kore? Amsar tana cikin halin damina kanta. A ƙasar Abuja ruwa yakan fara ne wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ya ɗauke wajen Oktoba, amma ruwan farko mayaudari ne. Yakan zo da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, mai gaggawa ya zuba irinsa, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wadda ke fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, takan ja kunnen manoma game da wannan. Tsiron da ke cikin tukunya ba ruwansa da yaudarar sama, a hannun mai shi yake sha. Ran da damina ta zauna sosai, shi ya riga ya yi wata guda a gaba. Wannan wata guda kuwa kuɗi ne, domin a farkon damina ne tumatirin noman rani na Kano da Kaduna ke ƙarewa, farashi ya tashi a kasuwa. Waɗanda suka ga shekarar 2016, sa'ad da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Arewa har miya ta gagari masu albashi, ba su manta ba.

Akwai kuma wani dalili wanda ya fi wannan nauyi, ko da yake ba a cika faɗinsa a fili ba. Cikin watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara ta mai da ita Yankin Babban Birnin Tarayya, ta kuma danƙa mallakar ƙasar duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Da farko an yi niyyar kwashe mazaunan yankin a sake musu matsuguni, daga baya aka sassauta saboda yawan kuɗin da abin zai ci, garuruwa da dama suka zauna inda suke. Sai dai tun da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, birnin bai daina faɗaɗa ba. Ma'aikatan da haya ta gagare su a Garki da Wuse suka kwararo Kubwa da Dutse da Bwari da Ushafa. Gonakin bakin gari suka zama filotai, filotai suka zama gidaje. Gonar da ta rage tana nesa, saurayi yana iya hawa babur ya je ya yi kunyar doyarsa, amma wanda ya haura saba'in, gwiwa tana ciwo, ido ya rage gani, ba ya kaiwa.

Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ci daga guminsa, ranar da aka ce masa ya zauna ya huta, ba kullum ne yake jin an yi masa gata ba. Zaman banza yana karya tsoho da sauri. Tukwane goma a baranda ba za su ciyar da gida ba, wannan gaskiya ce, amma suna ba mai su dalilin tashi da asuba, suna motsa masa jiki daidai ƙarfinsa, a inuwa, ba tare da dogon sunkuyo ba in an ɗora su bisa tudu. Tsohuwar da ke tsinko ɗoɗɗoya da barkono ta miƙa wa surukarta a sa a miya, ba ta jira an ba ta kuɗin cefane ba, kuma tana da abin da za ta aika wa maƙwabciya. Wanda ya san zaman gidan yawa ya san darajar wannan.

Su ma tsofaffin maza ba a bar su a baya ba. Su ke kwance damin irin dawa da masarar da aka rataye tun kaka inda hayaƙin murhu ke korar ƙwari, su duba wanda gara ko ɓera ya taɓa. Su ke zama a inuwa suna gyaran ƙotar fartanya, su aika yaro da garma wurin maƙeri. Mai shakkar irinsa yakan ƙirga ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan 'yan kwanaki ya buɗe ya ga nawa suka tsira, in sun gaza sai a nemi wani tun da sauran lokaci.

SHARA DA GYARA

Hunturu yakan bar gida da ƙura a ko'ina, a kan akwati, a bayan gado, a jikin azara. Kafin ruwa ya sauka akan fitar da kayan ɗaki waje, a kakkaɓe tabarmi da katifu a shanya su, a share yanar gizo-gizo, a duba bango inda gara ta yi hanya. Rufi shi ne babban abin dubawa, domin hadarin farko da guguwa yake zuwa, kuma kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako ba ya kai safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tsoho ne ke tsayawa a ƙasa da sandarsa yana nuni, jikansa yana sama da guduma. Masu sauran ginin ƙasa sukan yi yaɓe, a gyara jinkar rumbu, a share kwata, a buɗe hanyar da ruwa zai fita daga tsakar gida.

Wannan aiki ya wuce ƙawa, magana ce ta lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a cikin abinci, kuma ya fi tsanani a watannin rani. Gidan da ya kwashe tarkace, ya toshe ramuka, ya zuba hatsinsa a mazubi mai murfi, ya rage wa kansa hatsari. Da ruwa ya sauka kuma sai sauro ya karɓi aiki. Kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kuma ba ya bukatar tafki. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son 'yan kududdufai, wanda ke kawo cutar shawara kuwa gwangwani ko tsohuwar taya ko gutsuren tukunya ya ishe shi. A garin magina, inda kowane lungu akwai fasasshen kasko, wannan abin lura ne ƙwarai. Tukunyar da ba a shuka kome a cikinta ba, kife ta ake yi. Kunama da maciji su ma sukan fito da ruwan farko, tarin itace da duwatsu kusa da ƙofar ɗaki kuwa masauki ne a gare su.

Hatsarin da ya fi kusa da tsoho, wanda kuma aka fi raina shi, shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a cikin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba, bayan haɗarin hanya sai faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta wannan hanya. Tsakar gidan da gansakuka ta kama, da dakalin da ya zaizaye, da hanyar bayan gida wadda babu fitila, su ne tarkon. Yaro in ya zame sai ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, tsoho kuwa in ƙugunsa ya karye sau da yawa daga nan sai kwanciya. Cike rami ɗaya da tsakuwa a watan Maris ya fi jinyar wata shida sauƙi. Sai dai shi kansa aikin gyaran yana da nasa sharaɗi: bai kamata a bar dattijo ya hau tsani ba, ko ya ɗaga randa, ko ya yi shara da tsakar rana a irin wannan zafi, domin jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da ruwan jikinsa ya ragu. Aikin safe ne da na la'asar, da moɗar ruwa a kusa.

Dattawan da suka yi wayo kafin mulkin kai suna tuna zamanin duba-gari, wanda ke shiga gida-gida yana leƙa randa, in ya ga tsutsa a ci mai gida tara. Na bayansu suna tuna shekarun 1984 da 1985, sa'ad da Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka tilasta wa jama'a fitowa sharar gari. Sharar bazara ta girmi waɗannan duka, kuma ba ta taɓa bukatar bulala ba.

A WASU ƘASASHE

Ba mutanen Ushafa kaɗai ke haɗa shara da shuka a bakin sabuwar shekarar noma ba. A ƙasar Iran, kafin bikin sabuwar shekararsu da ke zuwa wajen 21 ga Maris, kowane gida yakan yi gagarumar shara wadda a harshensu suke kira girgiza gida, sa'an nan a jiƙa alkama ko wani hatsi a faranti a cikin ɗaki har ya tsira ya yi kore. A ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi ke daskarar da ƙasa, akan fara renon iri a bakin taga tun ƙanƙara ba ta narke ba. Gidajen kula da tsofaffi na can da yawa sun mai da wannan wani ɓangare na aikinsu, suna tanadin teburori masu tsawo da ƙananan tukwane yadda ko mai keken guragu zai iya sa hannu a ƙasa. Abin da su ke ɗaukar ma'aikaci su biya shi don ya shirya, a nan gado ne.

Amma gado ma yana bukatar mai riƙe shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan tsufa a birnin Viyana cikin 1982, ta sake wani a Madrid cikin 2002, ta kuma keɓe ran 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. A Nijeriya an yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa cikin 2017, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2018, aka naɗa shugabanninta cikin 2021, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da tsofaffi. A Abuja aka rubuta waɗannan takardu, tafiyar da ba ta fi awa guda a mota ba daga Ushafa. Tsofaffi a karkara kuwa mafi yawansu ba su taɓa aikin albashi ba, balle su sa ran fansho. Manomi da maginiya ba su da ranar ritaya.

In hukuma na son ta taimaka wa irin waɗannan, ba sai ta ƙago sabon abu ba. Wurin taruwa yana nan, sana'a tana nan, masu koyarwa suna nan. Abin da ake bukata ƙanana ne: rumfa mai kyau da za a shanya tukwane ko ana ruwa, famfo kusa, ingantaccen irin kayan lambu a ƙananan ƙulli kafin bazara, da ma'aikacin lafiya da zai riƙa leƙowa yana awon jini da duba ido a inda tsofaffin suke, maimakon a jira su je layin asibiti. Rabon shinkafa da atamfa sau ɗaya a shekara a gaban masu ɗaukar hoto yana da daɗi, amma ba ya kai wata.

Kasuwa ma tana nan kusa. Roba da ƙarfe sun ƙwace wa tulu da tukunyar girki ciniki, firiji ya rage wa randa daraja a gidajen masu hali, amma birnin da ya cinye gonaki ya zo da wata bukata. A gefen manyan titunan Abuja akwai masu sayar da furanni da itatuwan ado, otal-otal da ofisoshi da gidajen manya suna neman tukwanen da za su dasa su, ga kuma masu sayen tukunya mai zane don ado kawai. Tukwanen siminti da na roba suna gasa da na ƙasa a wannan ciniki, sun fi su jure wa jifa a bayan mota. Ko a nan ma dabara ba ta ƙare ba: wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex cikin 2000 saboda yaɗa hikimar sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, abin da ke ajiye tumatir da ganye kwanaki ba tare da lantarki ba.

Abin da ya fi damun masu sana'ar shi ne magada. 'Yan mata suna makaranta, wanda abin farin ciki ne, in sun taso kuma hankalinsu yana kan birni, yumɓu kuwa yana ɓata farce. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in akwai mai zuwa ɗiba. Renon iri a tukunya yana da wannan amfani da ba a zata ba, shi ne yana jawo ƙananan yara. Yaron da ba zai zauna ya koyi gini ba, yana son ya ga abin da ya binne ya tsago ƙasa. Shi ke riƙe gwangwanin ban ruwa, shi ke korar kaji, a nan yake jin sunayen ganyaye da harshen Gbagyi, a nan kuma yakan fara murza ɗan yumɓu yana kwaikwayon kakarsa.

Ran da hadarin zai zo, tun da rana ake ganewa. Zafi yakan tsananta, gabas ta haɗe ta yi baƙi a bayan duwatsu, sa'an nan iska ta taso da ƙura da ledoji. Nan da nan gida ya ruɗe, a kwashe shanya, a shigar da ɗanyun tukwanen da suka rage, a jawo na shuka can ƙuryar baranda don kada iska ta karya su, a tara bokitai a bakin indararo. Da safe matasa sukan matsu a yi dashe, tsofaffi su hana. Sai an yi ruwa na biyu da na uku, an tona ƙasa da fartanya an ga danshi ya kai zurfin tafin hannu, sa'an nan da la'asar a jiƙa tukwanen, a ciro tsiron da ƙasarsa, yara su ɗauka a faranti su yi bayan gida da shi.